Gindin Bangon Kudu

"Inna, mun tono mutum," in ji ɗanta, yana cire takalmi a ƙofar ɗakinsu na unguwar Hindawiyya a Makka.

Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Watansa huɗu a bakin Bahar Maliya, cikin maginan da ke ɗora hasumiyar fitila a kan tsohuwar ganuwar Turkawa, don jirage su daina afka wa duwatsu.

"A ina?"

"Gindin bangon kudu, wajen haƙa harsashi. Ramin ko kamu biyu bai kai ba. Ya ummi, babu ko alamar likkafani."

Yatsunta suka ci gaba da ware tsakuwa. Ta jira kuka, bai zo ba. Shekara talatin da suka wuce, jirgin katakon da ya ɗauko su daga Sudan ya tarwatse a kan duwatsun nan. Da cikin wata bakwai ta ja gawar mijinta zuwa gindin wannan bangon, ta tona ƙasa da guntun katako, ta binne shi. Da yaron ya girma ya tambaya, sai ta ce ubansa na kwance a maƙabartar Ma'ala, nan cikin Makka. Can yake kai ziyara duk Juma'a in yana gari.

"Yaya kuka yi da shi?"

"Sauran sun ƙi taɓawa. Ni na tattara shi a rawanina, na yi masa salla, na sake masa kabari. Bawan Allah, ko ina nasa suke?"

"Da nauyi?" ta tambaya.

"Ko kaɗan, Inna. A ƙirji na rungumo shi, kamar jariri."