Baƙar Wuƙar Mai Auren Mangwaro

Zauna, Tukur. Ka zo kana tambayata wace wuƙar aljihu za ka saya, wadda aka shafe ruwanta da baƙin fenti ko wadda aka bari da farin ƙarfenta, sai ka ce ni na ƙera su. Ban ƙera ba. Amma na san mutumin da ya taɓa tsayawa a gaban wannan zaɓi.

Wani mai lambu ne a bakin fadama, sana'arsa auren mangwaro. Yakan yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya, ya tsaga ƙaramin dashe, ya haɗa su ya ɗaure da leda har su kama juna. A wurin mahaifinsa ya koya, kuma tare da sana'ar ya gaji wata 'yar wuƙa mai naɗewa, fara, mai saurin tsatsa. Da danƙon mangwaro ya taɓa ta sai ta dafe. Dokar tsohon guda ce: da zarar ka ga ruwan wuƙa ya sauya launi, ka tsaya ka goge shi da toka da lemun tsami kafin ka taɓa wani itace. A yini ɗaya sai mutumin nan ya tsaya sau talatin. Shekara ashirin yana guga yana tsaki, bai taɓa tambayar dalili ba, don a zatonsa tsohon yana tsoron kada wuƙa ta lalace ne kawai.

Wata ranar kasuwa, bayan rasuwar tsohon, mai sayar da wuƙaƙe ya baje masa iri biyu. Ya nuna baƙar ya ce wannan ko a ruwa ta yini ba ruwanta da tsatsa, ba ta neman guga. Kuma bai yi masa ƙarya ba. Ga masunci, wanda kullum hannunsa cikin ruwa yake, ba abin da ya fi ta. Mai lambu ya juya ta a rana, ya ga ba ta ko ƙyalli, ya ce yau kam ya huta da bautar toka. Da ya koma gida ya jefa tsohuwar cikin kwando, gwangwanin tokar kuwa ya ba matarsa ta riƙa wanke tukwane.

To, a tsakiyar lambun akwai wani tsohon mangwaro guda wanda mahaifinsa ya samo irinsa a wata tafiya mai nisa. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri, kuma duk yankin babu na biyunsa. Gara ta riga ta ci gindinsa, kowa ya san ba zai wuce damina biyu ba. Saboda haka mai lambu ya reni dashe arba'in, ya ƙudura zai aura musu rassan tsohon itacen kafin ya faɗi, don kada irin ya tafi da shi. Ranar da ya sa zai yi aikin, da sassafe maƙwabcinsa ya roƙe shi ya zo ya sare masa wasu rassa da ke bushewa suna tsiyayar wani baƙin ruwa. Ya je ya yanke su tas. Da ya gama ya dubi ruwan wuƙar kamar yadda idonsa ya saba, ya gan ta baƙa ƙirin kamar ranar da ya saye ta. Ya naɗe ya sa aljihu. Da ita ya hau itacen mahaifinsa ya yanko rassa arba'in, da ita ya tsaga dashen nan ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Kafin azahar ya gama aikin da a da sai la'asar sakaliya, har yana yi wa matarsa alfahari.

Bayan mako uku ya kwance ledar farko, ya tarar mahaɗar ta ruɓe. Ya kwance ta biyu, haka. Ya bi su har arba'in, babu ɗaya da ya kama. Ya ce to Allah ya sa uwar tana nan, ya nufi tsohon itacen don ya yanko wasu rassan. Nan ya ga duk inda wuƙarsa ta taɓa yana tsiyayar baƙin ruwan da ya gani a lambun maƙwabci. Kafin kaka itacen ya bushe daga sama har ƙasa.

Ya zauna a gindinsa ya buɗe wuƙar yana kallo, ya sa farce ya kankari ruwanta. Sai busasshen danƙo ya riƙa ɓantarowa, wani kan wani, launinsa ɗaya da fentin. Yana nan tun ranar da ya sare rassan maƙwabci, ido ne kawai bai da yadda zai gan shi. Mutumin nan mai furfura ya yi kuka sosai, ya ce, "Ashe ba wuƙar Baba yake tsarewa ba, itatuwan yake tsarewa."

Ya ci gaba da sana'arsa har tsufa, ya aurar da dubban itatuwa a lambunan mutane. Amma jikokinsa labarin wancan mangwaro kawai suka ji, babu wanda ya ɗanɗana shi a cikinsu. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.