Kwalbar da ke Cikin Baƙin Ƙyalle

Malama Roda ta iske Obadiya, malamin kimiyya, a bayan ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ta Azare, ya tasa kwalabe biyu a gaba. An yi mata canjin aiki zuwa Shira, sallama ta zo yi.

"Me kake shanyawa, Malam?"

"Barasar gwaji ce da narkakken gishirin ƙarfe," in ji shi, bai ɗago ba. "Hasken rana ke sa ƙarfen ya fizgi wani abu daga barasar. Abin da ya saura ba ya iya zama shi kaɗai, sai ya nemi abokin haɗuwa."

Launin kwalbar da ke rana ya fara koɗewa. Ɗayar tana naɗe cikin baƙin ƙyalle.

"Wannan fa?"

"A duhu take, komai daɗewa ba ta canzawa." Ya gyara bakin ƙyallen. "Kamar maganar da nake ɓoye miki."

Roda ta dube shi har ya ɗago. Sannan ta yaye ƙyallen.

"Kin ɓata min gwaji," ya ce, yana murmushi.

"Ka sake wani. Baba yana gida ranar Lahadi, bayan coci."