Na'urar Kamfanin Sabulu

Mai Kwali ya danna "Aika", ɗan ƙwallon da ke fuskar kwamfutar ya yi ta juyawa, sannan jan rubutu ya sake fitowa: takardar haraji ta karkace, a sake ɗorawa. Shi kansa ya daina ƙirga karo na nawa ke nan.

Shekara da shekaru yana kai wa kamfanin sabulu kwalaye. A da abin ba wuya. Ya shiga ofishin jami'in saye, wani siririn mutum da kowa ke kira Dogo, a gaisa, a tura ambulan ƙarƙashin fayil, oda ta fito. Sai ga kamfanin ya tara masu kawo masa kaya a babban ɗakin taro, aka haska musu hotuna a bango, aka ce zamani ya canja. Daga yau komai ta shafin intanet za a yi, rajista da farashi da oda. Mai tantancewa kuwa na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, ba ta da ɗan'uwa, ba ta da aljihu. Aka yi tafi. Mai Kwali ma ya tafa.

Rashin aljihun nan shi ya fi tsaya masa a rai. A gefen shafin akwai ɗan akwatin hira, nan ya gwada sa'arsa cikin ladabi. Ya rubuta, "Ko akwai ɗan abin da ake yi a sauƙaƙa?"

Na'urar ta amsa, "Ba a gane tambayarka ba. A gyara takardar."

Kwalaye sun cika sito har rufi, rufin kuma yana yoyo, ga hadari kullum yana haɗuwa. Ma'aikatansa na zaune kan injin da aka kashe, duk inda ya gifta idanunsu na bin sa.

A hankali ya fara gane halin na'urar. Da rana tsaka takan yi shiru na ɗan lokaci, ta dawo. Ranar da aka ɗauke wuta a unguwarsu ma ta wuni ba ta ce uffan ba. Ya ce a ransa, ashe ita ma tana da uzurinta.

A gida babu sauƙi. Matarsa tsohuwar sakatariya ce, ta ajiye aiki ta dawo gida. Tun da autarsu ta tafi jami'a ta bar mata tsohuwar kwamfuta, kullum tana kan teburin cin abinci da tabarau a kan hanci. Shi dai ya yanke cewa fina-finai take kallo, bai taɓa leƙawa ba.

"Baban yara, motata fa?" in ji ta.

"Tana wajen makanike. Sai an kawo kayan gyara daga waje."

"To. Takardar nan da ke hana ka barci, ka kawo in duba maka mana. Wataƙila a kwance kake ɗaukar hoton."

"Wannan harkar manyan kamfanoni ce, ba lissafin cefane ba."

Ta gyara tabaranta, ta koma kan kwamfutarta.

Ranar da ruwa ya jiƙa layin kwalaye na farko, jan rubutun ya sake fitowa. Mai Kwali ya rufe ƙofar ofis. Ya fara da zagi, ya ce wa na'urar marar uwa marar uba. Da zagin ya ƙare, sai ya ga hannunsa bai tsaya ba. Ai ƙarfe ce, wa za ta gaya wa? Ya rubuta mata cewa babu wani makanike, motar matarsa ya sayar ya biya ma'aikata. Da kuɗin sallamarta na aiki ta saye ta, ko kujerun ba ta cire wa leda ba. Ya ce in ta ji, kashinsa ya bushe, don bakinta ya fi almakashi. Ya ce amma ba bakin yake tsoro ba, idonta ne ya kasa kallo.

Na'urar ta yi shiru, shirun da ya fi na kullum tsawo.

Can sai ga amsa, layi bayan layi, kamar ana koya wa ɗan aji ɗaya. Ka shimfiɗa takardar a kan tebur. Ka goge gilashin wayar, maiƙo ne a kai. Ka riƙe ta a tsaye, ba a kwance ba. Ka daina girgiza hannu.

Ya bi. Rubutu ya fito kore.

Da yamma ya tarar abinci ya yi gishiri, idanun matarsa sun yi ja. Ta ce albasa ce. Ya cinye bai yi ƙorafi ba, don ransa fari ne.

Oda ta fito, injin ya tashi, motocin kamfani suka kwashe sito. Mai Kwali ya sa sababbin kaya, ya cika ambulan, don hannu ya riga ya saba, ya nufi ofishin Dogo. Ya zauna yana zuba yabo. Ya ce na'urar nan ta fi 'yan Adam imani, yana so ya san ƙasar da ta ƙera ta.

Dogo ya tashi ya tura ƙofa, yana danne dariya.

"Wace na'ura, Yallaɓai? Kuɗinta a bikin ƙaddamarwa da allunan talla suka ƙare. Mutane muka ɗauka suna amsawa daga gidajensu, aka hana su faɗa. Na ɗauka kai dai ka sani." Ya tura ambulan ɗin ya koma gaban Mai Kwali. "Wadda ke amsa maka ma ta bar maka saƙo. Ta ce kada in karɓa, ka kai wa wanda ya sayi motarta, kuma kada ka shigo mata gida da ƙafa."