Tabon Sarkin Yaƙi

"Baba, ka yi haƙuri, ba ka yi kama da shi ba."

Maliki, matashin da ke shirya sabon fim ɗin, kallo ɗaya ya yi wa Wada ya koma kan wayarsa. Tun ba a haifi yaron nan ba Wada ke fitowa a matsayin Sarkin Yaƙi Ɗan Gazau, a dandali da tele. Yau ya hawo kabu-kabu daga Jiratawa har Maraɗi don a gaya masa haka.

"Ɗana, ka taɓa ganinsa ne?"

"Wa bai san shi ba? Ga hotonsa nan a bango, shi ne a littafinmu na lakwal tun muna 'yan makaranta. Dubi ƙirji, dubi ido. Dubi tabon mashin da ya samu a Tsibiri, nan a goshi. Irinsa za mu zana wa wanda muka ɗauka. Kai kuwa, in kana so, akwai gurbin mai riƙe doki."

Wada ya matsa ya ƙura wa hoton ido. Ɗan Gazau dai ya rasu tun ba a san hoto ba a ƙasar nan. Rawanin na aro ne, takobin na katako. Ranar da aka ɗauki Wada hoton nan, ko koko bai sha ba.

Ya ƙara jawo hularsa ta rufe goshi, ya fita.

Wai tabon mashi. Jakin babansa ne ya harbe shi a lambu, yana yaro.