Maɓalli a Wuyan Riga

Ɗaruruwan ɗalibai ne suka nemi gurbin koyon aiki a kamfanin Ma'auni, masu hasashen farashin hatsi da lissafi. Ni aka ɗauka, alhali ban taɓa shiga sahun gaba a ajinmu na jami'a ba. Tun ranar nake tambayar kaina dalili.

Bisa sabuwar doka, duk ɗan koyo zai maƙala maɓallin kamfani a wuyan rigarsa, da ɗan abin sauraro a kunne, kuma ba ya cire su sai ya kammala. Da su na je gida Dawanau.

Baba, wanda ya tsufa a dillancin hatsi, ya taya ni murna, amma maɓallin yake kallo.

"Wannan abin yana ji, Huzaifa?"

"Sun ce don koyarwa ne, Baba."

"Sun ce."

Muna cin tuwo wata murya ta raɗa mini a kunne: "Tambaye shi batun gero." Na san idan na ƙi, gurbin ya tafi. Na tambaya.

"Gero zai yi arha bana," in ji Baba. "Rumbuna a cike suke."

Yana faɗa yana murza zobensa. Tun ina yaro na san ba ya murza shi sai yana ɓoye wa mai saye gaskiya. Na sunkuyar da kai kan kwano don in rufa masa asiri, sai dai ƙirjina ya buga ƙarƙashin maɓallin, shi kuwa maɓallin har bugun zuciya yana ji.

"Mun gode, Huzaifa," in ji muryar. "Sannu da aiki."