Ɗigo Ɗaya Daga Tafkinmu

Damina ce mai albarka, amma ƙanena na kwance da atini. Wata la'asar Baba ya tafi da ni wurin malamin asibiti a Gusau, riƙe da kwalbar ruwan tafkinmu. Ni ke ɗebo mana ruwan sha daga tafkin.

Malam ya sa ɗigo ɗaya a madubin likita, ya ce in leƙa. Sai ga halittu suna iyo, wata kamar takalmi, wata koriya mai wutsiya.

Na fashe da kuka. "Malam, ashe su nake ba ƙanena?"

"Ɗiyata, ba duka ke cuta ba. Ki dai riƙa tafasawa."

Har yau ina kewar taushin muryar nan.

Washegari na tafasa wa ƙanena ruwa, na kwalbar kuwa na mayar da shi tafki.