Awarwaron Kwalba

A garinmu Multan, tun muna yara, baiko ba ya cika sai an zura wa budurwa awarwaron kwalba. Shi ya sa gaban Tabassum ya faɗi da saurayinta Shahbaz ya kwance takarda a tsakar gidan iyayenta, jajaye guda goma sha biyu suka bayyana.

"Ammi ce ta zaɓa da kanta," in ji shi, yana nufin mahaifiyarsa. "Miƙo hannu mana."

"Ba zan sa ba."

Murmushinsa ya ɗauke. "Akwai wani ne?"

"Wani? Ina ma!" Ta janye hannun rigarta. Jini ya kwanta shuɗi-shuɗi har gwiwar hannu. "Ciwon lufus gare ni, Shahbaz. Jinina yana daskarewa a jijiya, kullum sai na sha maganin tsinka shi. In ɗaya ya fashe ya yanke ni, sai asibiti. Haihuwa ma likita bai yi mini alkawari ba. Je ka gaya wa Ammi."

Ya daɗe yana duban hannun. Ita kuwa jira kawai take ya miƙe ya nemi takalmansa.

Sai ya gyara zama.

"Ammi ki bar ni da ita. Ƙarfe nawa ake shan maganin?"